Rasuwar Jan Biron Malam Sadisu, Wanda Bai Taɓa Gyara Kowa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, Malam Sadisu na ƙungiyar manoma da ke Gwagwalada yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jan bironsa, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, a cikin aljihun gaba, bayan doguwar jinyar zaman banza.

Marigayin ya zo hannunsa ne daga Malam Solomon, malamin da ya koya masa karatun boko a ajin manya, lokacin da furfura ta riga ta kama masa gemu. Biro ne mai kamun kai. Bai taɓa ɓata riga ba, bai taɓa bin mai aro ya ƙi dawowa ba. Duk maganarsa a duniya ba ta wuce "ƙyas" idan an danna kansa ya fito, da wani "ƙyas" ɗin idan ya koma.

Ga yadda ciwon ya faro. Bara ƙungiya ta samu mataimakin na'ura, wanda manomi ke gaya wa buƙatarsa ta waya. Na'urar ba ta ganin gona, ba ta san kowa ba. Kowane aikin da take iya yi, kamar tura tarakta ko neman iri, akwai ɗan bayani a rubuce da ke gaya mata amfaninsa da lokacin da ya dace a yi shi, kuma abin da aka rubuta kaɗai take bi. Aka naɗa Malam Sadisu ya duba waɗannan bayanai ya ba su maki, saboda ya san noma, kuma yana karatu a hankali, kalma bayan kalma. Wanda ya rubuta su shi ne Injiniya George, ɗan Malam Solomon.

Bayanin tarakta layi ɗaya ne: a tura tarakta gonar mamba. Bai ce a tambayi wace gona ba. Bai ce a tambaya ko an riga an yi shuka ba. Malam Sadisu ya ga wannan giɓi tun karatun farko, kuma marigayin shaida ne, domin ya fito da kansa a shirye. Sai dai mai shi ya tuna wanda ya riƙe masa hannu ya koya masa zana baƙin farko, ya ga ba zai iya jan layi a rubutun ɗansa ba. Ya mayar da marigayin aljihu, ya ɗauko shuɗin biro ya ba da goma bisa goma. Da George ya ce masa, "Baba, ka tabbata ba gyara? Kar ka ji nauyina fa," sai ya amsa da cewa hannun gado ba ya kuskure.

Mama Rosemary, mamba a ƙungiyar, tana da gona biyu. Ta nemi tarakta don wadda ba a taɓa ba. Na'ura ta tura shi gonarta ta farko a jerin sunaye, inda masararta ta yi sati uku da tsirowa. Kafin labari ya iske ta, an kife shukar gaba ɗaya.

Ranar ce Malam Sadisu ya zaro marigayin don ya yi gyaran da ya kamata tun bara. Ya danna, ya goga a tafin hannu, ya hura masa iska, ya shanya shi a rana. Tawadarsa na nan cike, amma ta bushe. Ya tafi da duk gaskiyar da aka hana shi faɗa. Mai shi ba ya ɗora laifi a kan na'ura, domin ta yi abin da aka rubuta mata. Ba ya ɗorawa a kan George, domin ya tambaya.

Marigayin ya bar ɗan uwansa shuɗin biro, wanda bai iya ɗaga kai ba tun ranar, da tabarau guda, da bayanai goma sha huɗu, kowanne da cikakken maki, waɗanda yanzu ba a san na ƙwarai a cikinsu ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a bayan ofishin ƙungiya. Bayan binnewa, Malam Sadisu zai tsaya a gaban Malam Solomon da ɗansa ya karanta bayanan ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi aibin kowanne da bakinsa. Idan ƙungiya ta ga ya sauka daga aikin, ba zai yi gardama ba.

Mama Rosemary ta aiko cewa za ta halarta, amma ba gaisuwa ce za ta kawo ta ba. Ta ce Baba ya taho da fartanyarsa da irin masara, domin daga wajen binnewa gonarta za a wuce.