Yadda Yallaɓai Ya Buɗe Bencin Tasharmu

"Kirim dai ba zan sa masa a kan kek ba," in ji Noeline, wuƙar yanka kek a hannunta tana nuna Shugaba da ita. "Mutumin da ya hana mara lafiya zama, shi zan lallaɓa da kirim? Ya ci gayansa."

A haka na tarar da su ranar Talatar nan, jama'a, ko jaka ban ajiye ba. Na makara ne saboda layin mai. Tankar da ke kawo wa Bindawarra fetur ta kasa tsallako gadar nan da manyanmu suka rantse za su gyara tun gashina yana da sauran baƙi, sai gari duka ya taru a gidan mai ɗaya tilo da muke da shi. Ban yi asarar safiyar ba dai, don a layin na ji wadda ta bar mijinta da wanda ya sa sabon haƙori. Wannan sai wani makon a shafina na jaridar nan.

Shugaban Ƙungiyar Taimakon Gari, wato Desmond, wanda ya taɓa sayar da magungunan tumaki kuma har yau yake magana kamar mai talla, yana ta roƙon Noeline ta rage murya. Wai baƙo baƙo ne, kuma da daɗin baki akan saci wanzami. Noeline ta ce ita ba ta zo satar kowa ba, shayi ta zo dafawa, kuma shekarun da ta yi tana dafa shi a wannan ɗakin taron sun ba ta ikon zaɓar wanda zai lashi kirim. Ta juyo ta ce, "Ke Valmai, faɗa masa gaskiya." Na ce ni 'yar kallo ce, amma a ajiye mini kirim ɗin baƙon kada ya lalace.

Ga wanda bai san tushen rigimar ba, in ma akwai shi a garin nan, to benci ne. Glenys matar Merv tana zuwa wankin ƙoda asibitin babban gari. Merv kuwa idonsa ya yi rauni, an karɓe masa lasin tuƙi, dole sai bas. Bas ɗinmu kun san halinsa, yana zuwa ne lokacin da ransa ya so, kuma tashar ba komai ba ce illa ƙarfe guda a tsaye cikin rana. Gabanin zaɓe wani babba ya tsaya daidai wurin, hularsa a ƙirji, ya yi mana alkawarin rumfa mai fanka da ruwan sanyi. Bayan zaɓe ko inuwarsa ba mu sake gani ba, da mun fake a cikinta. Da jiri ya ɗebi Glenys rannan ta zube a gefen titi, Merv bai jira kowa ba. Ya shiga rumfarsa ya ƙera benci mai rufin kwano, mazan ƙungiya suka kafa shi, mu mata muka shafa masa koren fenti, har da rigata ta zuwa coci.

Glenys sau ɗaya ta zauna a kai. Washegari hukuma, wadda ba ta taɓa yin sammako a kan komai ba, ta yi sammako ta naɗe bencin da ragar roba mai ruwan lemo, ta kafa allo da ya fi bencin girma, mai cewa an hana zama. Allon ma mai kyau ne, Allah ya saka musu. Har 'yar inuwa yake bayarwa, in ka tsaya a karkace da ƙafa ɗaya.

To shi ne aka aiko mana Mai Girma Yallaɓai Mataimakin Mai Lura da Wuraren Zaman Jama'a da Makamantansu ya yi mana bayani. Ba zan faɗi sunansa ba, an yi mini tarbiyya. Ya shigo da kwat cikin wannan zafi, yana ƙamshin turare kamar kantin birni, ya gaisa da Desmond da hannu biyu, mu kuma ya ɗaga mana gira. Direbansa ya sauke shi ya tafi bin layin mai, don motar hukuma ma ba ruwa take sha ba.

Desmond ya kaɗa ƙararrawa, aka yi addu'ar abinci, aka ci. Baƙo ya samu kek ba kirim, ya duba na maƙwabcinsa, ya duba nasa. Sannan ya miƙe.

Jama'a, mutumin nan ya iya magana. Ni makarantata ba ta yi nisa ba, amma na gane cewa hukuma tana ƙaunarmu ƙauna mai tsanani, shi ya sa ba ta son mu zauna. Wai benci abu ne mai haɗari. Mutum zai iya zama ya zame, ko ya tashi ya buga kai, ko ya ji daɗi ya yi barci bas ya wuce shi. Ya ce an ɗauko wani gwani daga birni a jirgin sama ya zo ya duba bencin, ya kwana a otal, ya koma, kuma yanzu an kafa kwamiti da zai duba abin da gwanin ya duba. Na tambayi Noeline a kunne ko gwanin ya zauna a kai. Ta ce ina, ai ba a biya shi kuɗin zama ba.

Merv na can kusa da taga, manyan hannayensa a kan gwiwa. Ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta ya tambaya yaushe kwamitin zai gama, don matarsa tana da asibiti ranar Alhamis. Yallaɓai ya yi murmushin nan nasu ya ce yana jin zafin abin har cikin ransa, amma gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido, a ƙara haƙuri zuwa bayan kasafin baɗi. Merv ya sauke hannu. Desmond ya tafa, shi kaɗai, don aikinsa ne.

Sai aka zo kan ƙuri'ar nama, wadda, mu faɗi gaskiya, ita ke kawo rabinmu taro. Mahaucin gari ya shirya tiren makon nan kamar na biki, cinyar rago a tsakiya, haƙarƙari a gefe, sosej, wato niƙaƙƙen naman nan dogo-dogo, jere kamar 'yan fareti, an lulluɓe da leda tana ƙyalli. Kowa ya sayi tikiti, har baƙo, aka zuba a tsohon bokitin askirim, aka miƙa masa ya zaro, yadda aka saba girmama baƙo. Ya naɗe hannun kwat, ya juya, ya zaro, ya karanta lambar. Kowa ya duba nasa. Shi ma ya duba nasa, sai fuskarsa ta washe.

To ko jaririn garin nan ya san abin da ake yi. In baƙo ya zaro nasa, sai ya yi dariya ya ce a mayar a sake, a tafa masa, a ce wane ɗan halak ne. Fada na cocinmu ya yi haka. Likitan dabbobi ya yi haka. Har mutumin da ya zo sayar mana da filin kabari ya yi haka. Muka gyara hannu muna jiran mu tafa.

Yallaɓai ya ce, "Kai, yau na fito da ƙafar dama." Ya sunkuya ya ɗauki tiren ya rungume kamar an miƙa masa jikansa.

Ban taɓa jin shiru irin wannan a ɗakin nan ba, har tukunyar shayi ta daina huci. Noeline ta sa hannu ta janye farantin kek daga gaban baƙo a hankali, ba ta ko dube shi ba. Ni kuwa na cusa hankici a baki, don dariya ta taso mini tun daga gwiwa.

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Direba ne. Mai ya ƙare kafin layi ya zo kansa, mota ta mutu a bakin famfo. Yallaɓai ya waiga yana murmushi ya tambaya ko akwai mai zuwa wajen babban gari. A al'ada rige-rigen kai baƙo gida ake yi. Amma ranar nan wata annoba ta faɗa wa motocinmu lokaci guda. Ta wannan taya, ta wancan birki. Wani ya ce karensa ya yi amai a kujerar gaba. Da ya dubo ni na ce, "Ranka ya daɗe, ni motata ba ta ɗaukar nama, likita ya hana ta." Noeline cikin ladabi ta nuna masa tasha ta taga, ga ta can tsallaken titi, ta ce bas na nan tafe, in an yi haƙuri.

Ya fita da tirensa. Ƙofa na rufuwa muka yi wa tagogi tsinke, tsofaffi da sanduna, masu ciwon baya duk sun warke. Desmond yana kaɗa ƙararrawa wai ba a rufe taro ba, shi ma da ido ɗaya a waje.

Rana ta tsaya tsakar ka. Yallaɓai ya tsaya gefen ragarsa, ya sauya tiren daga wannan hannu zuwa wancan. Ya gwada inuwar allon, ta rufe masa kunne ɗaya. Sai ƙudaje suka samu labari. Kun san ƙudajen garinmu, ba su san babba ba, kuma da hannu biyu a ƙarƙashin tire ba abin kora sai hura baki da girgiza kai, kamar doki. Ledar ta fara gumi, jan ruwa ya bi gefen tiren ya sauka a kan wandon. Can sai ga kukabura, tsuntsun nan mai kuka kamar dariyar mutum, ya sauko kan wayar lantarki, ya karkata kai yana duban sosej, ya ƙyalƙyale da dariyar nan tasa. Noeline ta ce ko tsuntsu ya san ba a mayar da nama ba.

Tsuntsun ya kawo farmaki, Yallaɓai ya goce, ya kare tiren da ƙirji, ya ja da baya har ya jingina da ragar. Ya dubi hagu, ya dubi dama, bai dubi tagoginmu ba. Sannan ya ɗaga ƙafa, da kwat da komai, ya tsallaka ragar hukuma, ya shige ƙarƙashin rufin Merv, ya zauna. Har da miƙe ƙafafu. Jiki magayi.

Ɗakin ya kaure. Wata ta riƙe ni, na riƙe labule, labulen ya biyo mu. Da na samu numfashi na ce, jama'a, ku tsaya, ai an gama. A garin nan ba a amfani da komai sai babba ya zo ya buɗe shi, ko bayan gida ne. To ga babba ya zo, ya buɗe, kuma da ainihin sashen jikin da aka ƙera abin dominsa. Saura yanke ƙyalle, ga shi kuwa hukuma da kanta ta kawo mai ruwan lemo.

Nan fa cutar ta nuna ashe tana yaɗuwa kamar mura. Desmond ya gyara murya ya ce magana ce mai kyau, amma sai an kawo ta a matsayin ƙuduri. Wani ya goyi baya, wani ya ce ba a goyon baya sai an karanta rahoton taron makon jiya. Wani ya ce a fara rubuta wa hukuma a nemi izinin gode mata. Mai kare ya kawo shawarar a kafa ƙaramin kwamiti ya duba ko zaman da aka yi da nama a cinya yana cikin zaman da doka ta sani. Har an fara gardamar wa zai shugabanci kwamitin, Noeline na cewa in dai da Desmond a ciki ita ba za ta dafa musu shayi ba.

Merv ya miƙe. Bai yi dariya ba tun farko, bai kuma ɗaga hannu ba wannan karon. Ya taka har kicin, ya dawo da babban almakashin da ake yanka kaji da shi.

Desmond ya ce, "Mutumina, ba a kaɗa ƙuri'a ba tukuna."

"Ku kaɗa," in ji Merv. "Glenys za ta zauna ranar Alhamis."

Ya fita, ya bugo ƙofar da ƙarfin da ya sa kofunan shayi suka yi ta kaɗawa a kan faranti.

In hukuma ta zo tambayar wa ya yanke mata raga, ni dai tabarauna a gida na manta shi ranar, kuma sunan da kuka gani a sama kuskuren masu buga jarida ne.