Fatalwar da Ba Ta Satar Takalmi

"…lafiya lau, sai dai ganinki da ya ɓata min safiya. Wa ya buɗe wa baiwata ƙofa?"

"Baiwar wa? Kai da gawa kaɗai ke iya zama da kai, ita ma don ba ta da ƙafar gudu ne."

Ina goge barandar mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti, inda na shekara tara ina shara, na ji sun fara. Shi ma'aikacinmu ne, Firiji kowa ke ce masa. Ita 'yar goggonsa ce, abokiyar wasansa, mai rubuta wa matasa labaran aljanu da fatalwa. Zuwanta na huɗu ke nan, kuma duk mun san abin da ke kawo ta. Ƙanenta Auta, ɗan shekara sha bakwai, mota ta buge shi. An binne shi tuni, amma ledar kayan da ke jikinsa tana nan a kabad ɗinmu, ta kasa karɓa. Ƙa'ida kwana sittin ce, ranar nan da azahar za a ƙone ta. Firiji kuma ya rantse ba zai kai mata gida ba, sai ta ɗauka da hannunta. Taurin kai dai gadon gidansu ne.

"Ka karanta sabon littafin?" ta tambaya, tana kauce wa kallon kabad ɗin.

"Sau uku barci ya kwashe ni. Na karanta wa mutumin durowa ta biyar babi ɗaya, sai da ya ƙara mutuwa."

"Kai da ka maimaita aji uku har malami ya yi ritaya, kai ne za ka auna littafi?"

"Saurara, baiwata. Yarinyar nan mai jin maganar matattu ta yi. Ga tsiwa, ga ƙarya, ba ta tsoron kabari amma kyankyaso na sa ta hawa tebur. Ita zan bi har bangon duniya. Amma fatalwar ƙanenta? Haba! Yaro ne wannan ko mai wa'azi? Duk inda ya ɓullo sai 'Yaya, yi haƙuri', 'Yaya, ci abinci'. Fari fat, har ƙamshi yake. Wa zai bi wannan shafi ɗari biyu?"

"Fatalwa ce, ta ga abin da ta gani, dole ta nutsu."

"Ni za ki gaya wa halin matattu? Kowa da halinsa yake zuwa min. Wani da alewa a aljihu, wani da lambar budurwa a tafin hannu. Ban taɓa karɓar waliyyi ɗan sha bakwai ba."

"Ai ba Auta na rubuta ba."

"Au, ba shi ba ne? Shi ya sa yake da tabo a girar hagu?"

Na tsayar da tsummana, don wallahi na ɗauka ya wuce gona da iri. Amma ja'irin bai tsaya ba.

"Autan da na sani yana tsame nama a tukunya ya ce mage ce, gidan da ba a taɓa kiwon mage ba. Autan da ya sa hannun babanku a sakamakon jarrabawa, har ya fi na babanku kyau."

"Rufe min baki."

"Autan da ya sace min jan takalmina, sabo fil, ko sau ɗaya ban taka ba."

"Na ce ka rufe min baki!" Muryarta ta karye. "A ƙafarsa na gan su ranar. Na tsaya a bakin ƙofa na ce masa ɓarawo. Ɓarawo, Firiji. Maganata ta ƙarshe da shi ke nan."

Tausayinta ya kama ni har idona ya cika. Ashe shi ya sa ta wanke yaron tas a littafi, har ba a gane shi.

Firiji ya sassauta murya. "To ai gaskiya kika faɗa. Shi me ya ce?"

"Gwalo ya yi min."

"Yauwa! Wannan fatalwar nake so. Mai gwalo. Ki dawo min da shi, wancan mai ƙamshin ba ɗan'uwana ba ne."

Ya buɗe kabad, ya ajiye ledar a kan benci tsakaninsu, ya maida hannuwansa baya. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta kwance ƙullin. Riga, agogo mai fasasshen gilashi, sai jan takalmi, ɗaya a goge ta gefe. Sun yi wa Auta girma sosai, don haka ya cusa takardu a bakinsu. Ta zaro ɗaya ta warware, sai ta dafe kai.

"Babi na shida na tsohon littafina! Sati biyu ina neman babi na shida, har na zargi mai aikinmu!"

"Kin gani? Shi ma ya san inda ya dace da rubutunki."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba, ta ɗaga takalmin za ta kwaɗa masa. Sai kuma ta miƙa masa da hannu biyu. "Ungo kayanka."

"Allah ya kiyaye in sa abin da labarinki ya kwana a ciki. Na bar masa, duniya da lahira. Ke kuma sa masa su a littafin."

"Sun yi masa yawa."

"Haka za ki rubuta, baiwata. Yana tafe suna fita."

Ta rungume ledar a ƙirji ta bi baranda, ta taka min inda na goge. Na sake jiƙa tsummana na bi sawunta.