Tawadar Malaman Sin

Wani mutum ne a unguwarmu, Alhaji Barau, wanda ya taɓa zuwa ƙasar Sin sarin fitilu. Kwana tara ya yi. Amma in ka ji shi a majalisa, sai ka rantse can aka yanke masa cibiya. Ko atishawa ka yi, zai gaya maka yadda Sinawa ke yin tasu.

Abin da ya fi kumbura masa kai wata 'yar tukunya ce da ya dawo da ita, doguwa kamar kofi, mai sulɓi, an zana mata duwatsu da wani tsoho a kan gada. Wai a cikinta manyan malaman Sin ke ajiye burushin rubutunsu, shekararta ɗari huɗu. Don tsoron ɓarayi ma, cikin jeren kwanukan matarsa Hajiya Dudu ya ɓoye ta. Shekara biyu muna shan labari, ba mu ga ko gindinta ba.

Rannan tela Ɗanjuma ya gaji, ya kawo ƙanin matarsa, Malam Sanda, mai aiki a gidan adana kayan tarihi. Malam Sanda ya ce in ta gaske ce, za a baje ta, a rubuta sunan mai ita a ƙasa.

Suna a gidan tarihi! Alhaji ya zabura fit, ya shige gida. Sai ga shi riƙe da ita hannu bibbiyu, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

"A ja baya! Kada numfashin kowa ya taɓa ta."

Ya dire ta kan tabarma. Wani wari ya buso mu, bus! Malam Sanda ya leƙa ciki, ya ɗan yatsine fuska.

"Alhaji, mene ne wannan baƙi-baƙin a ƙasa?"

"Haba Malam, da karatunka? Sauran tawadar malaman ce! Shekara ɗari huɗu ƙamshinta bai gushe ba. Ni daga nesa nake gane ta, a can aka koya mini."

Ya zura yatsa, ya lakato, ya lasa, ya lumshe ido.

"Tsantsar ilimi! Tun da na fara lasa kaina ya buɗe."

Wallahi har na fara sha'awar a ɗan sam mini. Sai muka ji murya daga bayan labulen zaure.

"Alhaji, kai ka ɗauke mini kwanon daddawa? Ga miya a wuta tana jira."

Alhaji ya tsaya da yatsa a baki.

"Wace daddawa kuma, Hajiya? Tawada ce ta..."

"Tawada? To in tawada ce, shekara biyu ke nan kana shan ta a miyar kuka. Jiya ma sai da ka yi ƙari. Miƙo mini, shi kaɗai ne ɓera ba ya iya hawa."

Ɗanjuma ya kife da dariya yana bugun ƙasa. Malam Sanda kuwa ya mayar da bironsa aljihu a hankali, ya ce, "Sunan Hajiya za mu rubuta, Alhaji. Ita ce ta san amfaninta."