Yadda Za Ka Auri 'Yar Mai Zuba Kwal Cikin Kwana Uku

Ka ga yarinya ta kwanta maka, ka sayi zobe ka ɓoye a aljihu. Sai ta ce, "Babana ya kama mana kujeru, hutun kwana uku a jirgin kwal. In ya yarda da kai, ni ma na yarda." Kai kuwa iyakar saninka da jirgin ƙasa shi ne yana makara.

Kwantar da hankalinka. Shekarata ashirin da biyu ina tura keken shayi a wannan tsohon layin dogo namu na tsaunukan Wales, mijina yana can ɗakin sigina yana jan ƙarafa kyauta, shi da sauran 'yan sa kai da fansho ya haukata. Masu neman aure goma sha ɗaya na gani sun hau jirgin nan, na kuma ga yadda suka sauka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ranar Lahadi za ka tafi gida da amarya. Zan riƙa yi maka misali da Idwal Prosser, mai sayar da tayal ɗin banɗaki a Wrexham, wanda ya zo neman Nerys, 'yar dattijo Emrys mai zuba wa jirgi kwal. Ka lura da shi da kyau, don ka san abin da ba a yi.

1. Yi ƙarya, amma 'yar daidai wuyanka

Dole ka ce kana son jirgin kwal. Wannan ba zaɓi ba ne. Sai dai ka faɗa a hankali, kana kallon ƙasa, kamar mai tuna wani da ya rasu.

Idwal bai yi haka ba. Ranar Juma'a da safe, ana gaisawa a bakin tasha, ya damƙi hannun Emrys ya ce, "Baba, ni ai tun ina yaro jirgin kwal ne rayuwata!"

Emrys ya dube shi ta saman tabarau. "Wanne?"

"Dukkansu!"

Nerys ta rufe ido. Dattijon ya ciro ɗan littafinsa na aljihu ya rubuta wani abu.

Kada kuma ka ce kakanka ya yi aikin jirgi. A tarago na uku akwai wani tsoho da ya haddace sunan duk wanda ya taɓa share tasha a ƙasar nan, kuma ba shi da abin yi.

2. Kada ka sa farar riga

Hayaƙin jirgi ba ya tashi sama, wannan a hoto ne kawai. Ta taga yake shigowa, ya duba wanda ya fi kowa tsafta ya zauna a kansa. Nemi tsohuwar rigar sanyi mai launin laka, wadda gwiwar hannunta ta fara cinyewa. Nan ƙazanta ita ce shaidar asali.

Idwal ya zo da farar riga mai guga, ya ɗora rigar ruwa mai ruwan lemo, irin wadda ake hangowa daga wata ƙasa. Kafin tasha ta biyu farar ta koma zabuwa.

3. Kada ka tambayi ina za a je

Ba inda za a je. Jirgin zai yi mil goma sha huɗu cikin awa biyu da rabi, ya tsaya a wani fili mai shagon shayi da banɗaki guda, a juya kan jirgi, a dawo. Bas yana yin tafiyar a minti ashirin da biyar. Ka biya fam arba'in da takwas don a ɓata maka lokacin da iyayenka suka yi murnar daina ɓatawa. Gobe a maimaita. Jibi ma haka.

Ranar farko Emrys ba ya aiki, don haka ya zauna cikin tarago daidai gaban Idwal, agogo a tafin hannu.

"Baba, yaushe za mu isa?"

"Isa ina, yaro?"

Mutum ɗan shekara talatin da shida, mai shago da ma'aikata biyu, ya zama yaro a take, kuma bai sake girma ba.

Game da karkara: takardar talla ta ce za ka ga kwaruruka da ƙoramu. Abin da za ka gani shi ne tunkiya. Bayan ta wata tunkiyar, ruwa yana dukanta. Kada ka yaba. Masu jirgi ba sa kallon waje, sauraron numfashin inji suke yi. Kai ma karkata kai, rufe ido ɗaya, ka ce, "Hmm, yau tana ɗan tari." Injin nan mace ce, sunanta Blodwen, kuma kullum tana ɗan tari, don haka ba za ka taɓa yin kuskure ba.

In ka leƙa taga, ɓurɓushin kwal zai faɗa maka a ido. Kada ka murza. Bari hawaye ya zubo, za su ɗauka shauƙi ne.

4. Kada ka taɓa ta

A tasha za ka ga tsofaffi suna shafa jikin Blodwen kamar mai lallashin doki. Sun san inda ake shafawa. Idwal ya ɗora tafinsa inda ba a ɗorawa, ya ce "Sannu, hajjaju" irin tasu, ya yi murmushi, ya cusa hannun cikin aljihu bai sake fito da shi ba sai la'asar. Ni na ba shi ƙanƙara a ɓoye. Masu hikima sun ce wuta ba ta san baƙo ba. In ba su ce ba, ya kamata su ce.

5. In ka ga maza sun yi sahu a gona, tsaya bayansu

Wannan matakin ka karanta shi sau biyu.

Ranar Asabar ake tsayar da jirgi kusa da babbar gada, a sauke fasinja, jirgi ya ja baya, sannan ya taho a guje yana tada hayaƙi don a ɗauki hoto. Sau ɗaya ake yi, kwal da tsada. Maza arba'in za su jera kafaɗa da kafaɗa cikin laka, kowa da kyamara kamar bindiga, wasu tun daga Scotland suka tuƙo. Ba a magana. Ba a tari. Burinsu hoto ya fito kamar an ɗauke shi shekara saba'in da suka wuce, ba mota, ba waya, ba ɗan zamani.

Ran nan kwana tara ana ruwa. Blodwen na hawa gada sai rana ta fito, kamar an yi odarta. Wani dattijo kusa da ni har ya fara kuka. Sai ga Idwal ya ɓullo daga bayan wata bishiya inda ya je fitsari, da rigarsa mai ruwan lemo, daidai tsakiyar fili. Ya ga mutum arba'in sun saita shi da kyamara. Ya ɗaga hannu ya yi musu bai-bai.

"Kai! Ɗan banzan lemun tsami! Kwanta!"

"Wa ya kawo wannan?"

"Surukin Emrys ne!"

"Ba surukina ba ne," in ji Emrys a hankali, amma har tumaki sun ji.

Rana ta koma. A hanyar dawowa ba wanda ya sayi shayi a taragonsu. Nerys ta bi ni har wurin keke ta ce, "Anti Glenys, ki faɗa mini gaskiya, akwai sauran fata?" Na ce mata akwai sauran biskit.

6. Ci abin da aka ba ka a shebur

Ban san me Nerys ta gaya wa ubanta ba, amma da yamma ya tsaya gaban Idwal ya ce, "Gobe ƙarfe shida, rumfar jirgi. Zo da cikinka."

Ka gane girman wannan. Ba kowa ake hawarwa kan jirgi ba. Mijina sai da ya yi shekara huɗu yana fentin shinge.

Ga yadda ake karin kumallo a can. Mai zuba kwal zai ɗauki shebur ɗin da yake aiki da shi, ya goge da tsumman da yake goge komai, ya jefa kitse, ya fasa ƙwai biyu, ya shimfiɗa yankan nama, ya tura cikin bakin wuta. Minti ɗaya ya fito. Ƙasa ta ƙone, sama ɗanye, an yi masa barbaɗen kwal. Za su ce maka babu otal a London da ya iya wannan. Gaskiya ne, hukuma za ta rufe shi.

Nan Idwal ya ba ni mamaki. Ya cinye tas, haƙoransa suna ƙaras-ƙaras, ya share shebur da burodi, ya ce, "Baba, akwai ƙari?"

Direba ya dubi Emrys. Emrys ya fasa ƙwai na uku. Ina tsaye a ƙasa da tire na ga gefen gashin bakinsa ya motsa. Tun bikin Nerys na gama makaranta rabon da in ga haka.

Da a nan ya tsaya, da shi ke nan.

7. Kada ka taimaka

Emrys da direba suka sauka duba ruwa. Idwal ya rage shi kaɗai, zuciya fal murna, yana neman abin da zai yi ya ƙara burgewa. Sai idonsa ya faɗa kan butar shayi da ke rataye kusa da wuta. Ya buɗe. Cikinta baƙi ƙirin, dattin shayi ya yi kauri kamar ɓawon itace.

Butar ta uban Emrys ce. Tun da aka saye ta ba a taɓa wanke ta ba, ana dai ɗauraye ta da ruwan zafi. A wurinsu wannan baƙin shi ne ɗanɗano, shi ne gado, shi ne tarihin layin gaba ɗaya. Mai sayar da tayal kuwa in ya ga datti hannunsa ƙaiƙayi yake.

Ya zo wurina ya ce in ara masa soson ƙarfe da sabulu. Na ba shi, ban tambayi dalili ba.

To, na tambaya. Ya faɗa mini. Na ƙara masa da ruwan zafi. Shekara goma sha shida ina kallon butar nan ana sha a gabana.

Da Emrys ya hau, Idwal ya miƙa masa ita da hannu biyu, tana walƙiya kamar sabon banɗaki. "Baba, ɗan abin da na iya ke nan."

Direba ya cire hula. Ya sauka daga jirgin da baya-baya.

Emrys ya leƙa ciki, ya ga fuskarsa. Ya zuba ganye, ya zuba ruwa, ya jira, ya kurɓa.

"Ruwa," ya ce. "Shekara sittin da ɗaya. Ruwa."

8. In ta ƙare maka, gwada gaskiya

Ba na ba da wannan shawarar sai an rasa komai, don ba ta da magani in ta ƙi.

Nerys ta iso a guje, ta ga butar, ta dafe kai. "Idwal, me ka yi? Wayyo Allah, me ka yi?"

Ya dubi uban, ya dubi 'yar, ya ce, "Baba, ban san komai a kan jirgi ba. Hayaƙi yana sa ni amai. Hannuna ya ƙone tun shekaran jiya. Ƙwan nan ya fi komai muni a rayuwata. 'Yarka nake so, shi ke nan."

"Na sani tun Juma'a," in ji Emrys. "Har na rubuta."

"To in tafi?"

"Ka tafi ina? Ka kashe mini buta ka tafi?" Ya juya ta a hannu. "Kafin ta fara shayi na mutunci sai an shekara ashirin ana dafawa a kan wutar jirgi, duk Asabar, ba fashi. Shekarata saba'in da huɗu. Ba zan gani ba." Ya dangwara masa ita a ƙirji. "Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ƙarfe biyar na asuba ake kwashe toka. Kuma ba na ba bare butar ubana, don haka ku je ku yi abin da za ku yi."

Idwal ya durƙusa a kan kwal ya ciro zobe da ƙonannen hannu. Nerys ta karɓa tana hawaye. Direba ya dawo ya ja usur har sau uku.

9. Kada ka tambayi amarya dalilin kukanta

Ni na tambaya, da na same ta bayan keke tana share ido.

"Anti Glenys, tun ina 'yar shekara tara nake rako Baba kwashe toka duk Asabar. Ban taɓa barcin safe ba. Samari uku na kawo, duk suka gudu." Ta hura zoben ta goge a riga. "Wannan da hannunsa ya ɗaure kansa."

An ɗaura aure a watan Yuni. Shekara shida ke nan. Duk Asabar da asuba za ka ga Idwal cikin ramin ƙarƙashin Blodwen, toka har gira, Nerys tana gida ta ja bargo. Makon jiya Emrys ya leƙa butar ya ce ta fara ɗan ja.

Gargaɗi

Amarya na yi maka alkawari, amarya kuma za ka samu. Ban ce za ka sake ganin Asabar ba. Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin ƙonuwar hannu, jan ido, ciwon ciki, zagin masu kyamara, ko suruki mai tsawon rai ba. In abin ya ishe ka, kada ka zo wurin keken shayi da ƙorafi. Shayi fam biyu ne, kuma soso na daina ba da aro.