Zinariyar Baba Ɗanjuma a Hannun Malamin Boko

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a bakin rafi ba, ko da yake Allah ya sani na yi iyakar ƙoƙarina in manta. Abin ya faru shekara biyu ko uku bayan samun 'yancin kai, lokacin ina koyarwa a wata firamare ta En'e a ƙasar Ikara, cikin wani ƙauye da ke yankin Furana. Ina da keke, ina da agogon hannu, ina kuma da tabbacin cewa duk abin da ba a rubuta a littafi ba camfi ne.

Ya kamata mai karatu ya san irin horon da na samu. Makarantar mishan na yi a wajen Zariya, inda ake duba farce da wuyan riga kowace safiya. A can aka koya mana cewa duk ƙarfen da mutum ya yi aiki da shi, fartanya ce ko adda ko almakashi, wajibi ne a wanke shi, a goge, a shafa masa mai kafin a ajiye. Wanda aka ga tsatsa a kayan aikinsa, bulala shida. (Ni ba a taɓa yi mini ba, kuma na daɗe ina ɗaukar wannan abin alfahari.)

A ƙauyen akwai wani dattijo, Baba Ɗanjuma, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana wankin zinariya a ƙasar Birnin Gwari zamanin Turawa. Ya dawo gida da furfura, da tari, da wata tasar ƙarfe baƙa ƙirin. Ya dage cewa akwai zinariya a rafin ƙauyen, ba gudaji ba, irin mai laushin nan kamar garin da aka tankaɗe. Ba wanda ya gaskata shi. Da abin ya tsaya a dariya da ba komai, amma ramukan da yake tonawa suna kusa da mashaya, kuma wata rana saniyar wani Bafulatani ta zurma ƙafa ta yi targaɗe. Dagaci ya yanke hukunci: ko Baba ya nuna zinariyar a gaban jama'a, ko ya cike ramukansa, kada a sake ganinsa a rafi da tasa. Aka ba shi wata guda.

Ni na fara zuwa kallonsa ne bayan an tashi daga makaranta, kuma gaskiya ba don in koya ba, don in gyara. Na gaya masa abin da na karanta a littafina na kimiyya, cewa idan aka ɗebi zinariya da ruwa daidai wa daida, zinariyar ta fi ruwan nauyi kusan sau goma sha tara, alhali yashi bai kai sau uku ba, don haka dole ta nutse ƙasan komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ni dai na san tana son ƙasa. Ban san ta ƙirgu ba."

Aikin nasa a ido mai sauƙi ne. Zai cika tasa da tsakuwa da yashi daga ƙasan rami, ya nutsar da ita cikin ruwa, ya murje taɓo da yatsu, ya tsince manyan duwatsu. Sai ya riƙa girgiza ta hagu da dama domin mai nauyi ya sauka, ya ɗan karkata bakinta, ya bar ruwa ya lashe na sama kaɗan kaɗan. Haka zai yi ta yi har abin da ya cika tasa ya koma baƙin yashi cikin tafin hannu. Wannan baƙin yashin ba ya ƙarasa wanke shi. Yakan juye shi cikin wani ɗan tulu mai ruwa, yana tarawa, domin a wanke gaba ɗaya a gaban Dagaci, abin ya yi yawan da ido zai gani.

Na roƙi ya bar ni in gwada. Ranar farko na zubar da komai har da baƙin yashin. A mako na biyu hannuna ya fara faɗawa. A mako na uku na yanke wa kaina hukuncin cewa na fi shi iyawa, tunda ni na san dalilin abin da nake yi, shi kuwa yi kawai yake yi.

Ana sauran kwana uku wa'adi ya cika, sai Na-Allah wanzami, mutumin da bakinsa ya fi askarsa kaifi, ya tayar da magana a ƙofar gidan Dagaci. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya san abin da tsohon nan ya ɓoye a farcensa tun daga Birnin Gwari? Tasar nan tasa ma, ko akuya aka ɓoye a cikinta ba mai gani. A ba wani ya wanke, a cikin sabuwar tasa." Dagaci ya ga maganar da ma'ana, ya waiwayo ya ce, "To, ga malamin makaranta." Na amsa da sauri fiye da yadda ya dace da mai kunya.

Na hau keke har kasuwar Makarfi na zaɓo tasar ƙarfe mai faɗin baki, bayan na duba guda tara na ƙi su. Ranar Juma'a da la'asar na wanke ta, na goge, na ga wani ɗan ɗigon tsatsa a gefe. Hannuna bai ma nemi shawarata ba. Na ɗauko tsumma da man gyaɗa, na shafe ta ciki da waje, na murza har ina ganin fuskata. Na tuna na dube ta, na dubi ta Baba a zuciyata, na ji tausayinsa.

Da safe jama'a suka taru a bakin rafi. An shimfiɗa wa Dagaci tabarma a inuwar wata ɗorawa. Baba ya zo rungume da tulunsa kamar mai ɗauke da jariri. Da ya hango tasata tana walƙiya, sai ya tsaya.

"Malam, ba ni tasar nan in gani."

Na-Allah ya yi caraf ya ce, "A'a, Baba, hannunka a baya! Yau ba kai ne ango ba."

Ni kuma na ce, da muryar da nake yi wa 'yan aji huɗu magana, "Ba a buƙata, Baba. An riga an shirya ta yadda ya kamata."

Na naɗe ƙafar wando, na shiga ruwa har gwiwa. Kafin in fara sai da na yi wa jama'a jawabi a kan nauyin abubuwa. (An ce jawabin ya kai tsawon huɗuba. Ban musa ba.) Daga nan na juye tulun gaba ɗaya a tasa, aikin wata guda na tsoho mai tari, na nutsar, na girgiza, na ɗago.

Sai na ga wani abu. A saman ruwan cikin tasar akwai maiƙo mai launi-launi, a kansa kuma ga wani ƙyalli rawaya, mai laushi ƙwarai, yana yawo yana taruwa wuri ɗaya. Mutanen da ke kusa suka fara leƙe. Dagaci ya miƙe zaune ya ce, "Malam, mene ne wancan a sama?"

A nan ne na yi abin da ya fi shafa man muni. Na ɗaga tasar yadda kowa zai gani, na ce, "Ranka ya daɗe, wannan shi ne abin da ke yaudarar marasa ilmi. Ƙyalƙyalin dutse ne kawai. Zinariya ba ta tasowa kan ruwa, ƙa'ida ce, ba ta canzawa." Na karkata tasar a hankali, da irin gwanintar da Baba ya koya mini, na tsiyaye shi cikin rafi. Na ƙara ruwa, wani ya taso, na sake tsiyayewa. Sau uku.

A karo na uku ne Baba, wanda idonsa ba ya gani sosai daga nesa, ya gane abin da ake yi. Ya ture Na-Allah, ya faɗo cikin ruwa da rigarsa, ya fizge tasar. Bai dube ta ba. Hanci ya kai mata. Sannan ya goga yatsa a cikinta, ya murza, ya dube ni.

"Malam, ƙosai ka soya a ciki?"

Na ce, "Man gyaɗa ne. Saboda tsatsa."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da na fi jin sauƙi. Ya ce, "Garin zinariya in ya taɓa maiƙo, ruwa ba ya kama shi. Sai ya hau sama ya tafi. Tawa tasar da kake gani baƙa, a wuta nake ƙona ta, in cuɗe ta da toka. Ko matata ban yarda ta taɓa ta da hannun miya ba." Ya dubi inda ruwa ke gangarawa ya ce, "Ga ta can, ta kama hanya."

Ya ƙarasa wankin da hannunsa. A ƙasan tasar aka samu baƙin yashi da ƙwayoyi biyu ƙanana, amma Dagaci ya ce shi dai bai ga komai ba. Na-Allah ya ce, "Jama'a ku shaida, Malam ya yi wa zinariya rakiya har bakin ruwa, ya shafa mata mai, ya sallame ta." Aka yi dariyar da har yanzu nakan ji ta a kunnena idan ana soya wani abu a gidana.

Daga baya na je Zariya na bincika, na tarar abin a rubuce yake. Saman ruwa yana da wata 'yar fata mai ɗaukar abu ƙanƙane, kamar yadda allura ke kwanciya a kai idan an aza ta a hankali, kuma maiƙo yana hana ƙwayar jiƙewa balle ta huda fatar. Ɗigon sabulu ma yana karya ta. Bayanin yana cikin littafin da nake taƙama da shi, shafi uku gaba da inda na tsaya.

Amma a ranar ba ni da littafi, sai Dagaci da ke shirin tashi, da Baba da za a hana shi rafi saboda tsummana. Na fito daga ruwa wandona yana ɗiga, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, zinariya ce. Ni na zubar da ita. Tsohon nan bai yi ƙarya ba." Tun da aka haife ni ban taɓa furta jimla mai nauyin wannan ba. Dagaci ya ce an ƙara wa Baba lokaci har ruwan farko ya sauka, kuma tunda malamin makaranta yana da ƙarfin jawabi, yana da ƙarfin ɗaukar yashi.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina dakon tsakuwa a kwanon sarki daga rami zuwa bakin ruwa, iyayen ɗalibaina suna wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, Malam," da ladabin da ya fi zagi ciwo. Hadari ya fara haɗuwa a gabas ranar da Baba ya wanke abin da muka tara. Ya juya ruwa a baƙar tasar sau ɗaya, baƙin yashi ya ja baya, sai ga wani siririn layi rawaya kamar zare a gefe. Dagaci ya duƙa ya duba da kyau, ya ce, "Lalle kuwa." Ya ba shi izinin tono, amma can sama da mashaya. Abin da aka samu bai cika bututun gashin kaza ba, kuma ba wanda ya yi arziki da rafin nan, amma daga ranar an daina kiran Baba maƙaryaci. Ni kuma bai sake barina na wanke ko cokali ɗaya ba.

Ba zan ce na canza hali ba, domin ba na son ƙarya ko a rubuce. Har gobe ina gyara wa mutane aikinsu, 'ya'yana da jikokina shaida ne. Abin da na koya kawai shi ne in bar mai aikin ya gama maganarsa tukuna. Na lura cewa a mafi yawan lokuta, kafin ya kai ƙarshe, gyaran nawa ya riga ya zama ba a buƙatarsa.