Kazar da Ta Haɗiye Motar Alhaji

Shekarar canjin kuɗi, Alhaji Garba ya ɓatar da makullin motarsa a Isa, ga lodin albasa zai kai Maraɗi. Ya ce a kira Sanusi na Sabon Birni, mai ciro ƙwayar ƙwaƙwalwar mota ya haɗa makulli da kwamfuta. Ni da na shekara ashirin ina yanka masa makullai! Hassada ta ci ni, Allah Ya yafe mini.

"Alhaji, ni ma za ni iya."

Ko kwamfutar ba ni da ita. Na yi bisimilla na ɓamɓaro ƙwayar, 'yar mitsitsiya kamar dawa. Ta suɓuce ƙasa, kaza ta riga ni.

Har yau in kaza ta gifta, Sanusi kan ce, "Baba, tare ta, motar Alhaji ce ke kiwo."