Butar Gahawar Kalli Ta Rasu Saura Kwana Ɗaya Hamajoɗa Ya Ɗanɗana

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma takaicin da ya ɗara baƙin cikin yawa, Malam Kalli na unguwar bakin kogi a Gashuwa yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Gashuwa da Nguru rasuwar butar gahawarsa. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a kan garwashi, a gaban mai ita, bayan jinyar kwana huɗu. Shekararta shida a gidan.

Marigayiyar ba 'yar ƙasar nan ba ce. An ƙera ta a Sifen da sanholo, farin ƙarfen nan mara nauyi. Hawa biyu gare ta, ana murɗa na sama a kan na ƙasa, da mazurarin zuba garin gahawa a ciki, da zoben roba a tsakani mai hana tururi gudu. Kalli ya same ta a tsibirin Fanandofo, inda ya shekara huɗu yana tsaron kantin wani tsohon Bature. Wurin tsohon ya ga gahawa irin tasu: rabin kofi gahawa mai ƙarfi, rabi madara mai zafi, da sukari, da ɗan kirfa. Da zai dawo gida a 1950 tsohon ya ba shi ita da sharaɗi guda: a ɗauraye ta da ruwa zalla, kada a kankare duhun da gahawa ta bari a jikinta.

Kowa a Gashuwa ya san cikin Kalli ba ya jituwa da nonon saniya tun yana goye. Saboda haka ya shiga neman abin da zai tsaya a madadinsa, marigayiyar kuwa ta yi haƙuri da shi. Ya gwada ruwan gyaɗa, mai ya taso a bakin kofi kamar miya. Ya gwada riɗi, ɗaci ya haɗu da ɗaci. Sai a shekara ta biyu ya tsaya a kan aya: a jiƙa ta ta kwana, a daka, a tace sau biyu a farin ƙyalle, a ɗora a wuta kaɗan, a sauke da zarar tururi ya fara tashi. In an bari ta tafasa, ta zama kunu, aikin jiya ya tafi a banza. In an sauke a kan kari, a kaɗa da maburgi har kumfa ya hau, to, an sami abin da Kalli ke cewa ko tsohon nan ya sha sai ya nemi ƙari.

A tsawon zamanta marigayiyar ba ta taɓa makara ba. Ba ta son wuta mai yawa. Ba ta da surutu. In ruwa ya hau sama takan ce gurr, gurr, sannan fuuu, ta yi shiru. Ba a taɓa jin ta faɗi abin da ya wuce haka ba.

Mutum ɗaya ne bai yarda da ita ba: Hamajoɗa, makiyayin da ke sauka da shanunsa a fadama kowane rani, abokin wasan Kalli kamar yadda Fulani suke da Barebari. Shekara huɗu yana tsayawa a ƙofar gida yana cewa, "Kai Babarbare, yau wace saniya ka tatsa? Mai ƙaho ce ko mai saiwa?" Shekara huɗu Kalli yana miƙa masa kofi, shi kuwa yana ɓoye hannu a hammata. Bana, a gaban mutane a rumfar mahauta, Hamajoɗa ya sassauto. Ya ce zai zo ranar Alhamis, kafin ya kora shanu arewa wajen Yusufari, ya sha kofi ɗaya daga wannan buta. In ya yi daɗi, zai faɗa a kasuwa da bakinsa cewa aya na da madara.

Don wannan rana Kalli ya hau mota zuwa Nguru, ya tarbi sabuwar gahawa da jirgin ƙasa ya kawo masa daga Kano. Kwana uku ya yi. A cikin kwana ukun nan yayarsa, Ya Fanna, ta iso daga Machina.

Ya Fanna mace ce mai tsabta. Da ta ji baƙo na tafe, ta bi kayan gidan da ido, ta ga marigayiyar a kan kantar kwanuka, ta ce, "Huseina, a wannan abin ƙanena ke sha? Ina mata a gidan nan?" Huseina, matar Kalli, ta san sharaɗin sarai. Shekara shida ba ta bari toka ta kusanci butar ba. Amma matar ƙane ba ta ce wa yayar miji a'a, balle ranar da ta sauka. Ta ce, "Haka ne, Yaya," ta miƙo kanwar da aka nema.

An jiƙa marigayiyar a ruwan kanwa mai kauri kwana biyu. An ciro ta an dirje da yashin kogi. A wuyanta Ya Fanna ta tarar da wani baƙin abu da ya zagaye ya liƙe, ta ce daɗewar datti ce, ta sa wuƙa ta ɓamɓare shi gutsure-gutsure ta jefa a murhu. Zoben roban ke nan.

Kalli ya dawo ranar Lahadi ya tarar da ita tana ƙyalli kamar yadda bai taɓa ganinta ba. Ya juya ta, ya ga ƙananan ramuka a gindinta, kamar wadda ta yi agana. Ya Fanna na tsaye tana jiran godiya. Ya yi godiyar.

An yi iya ƙoƙari. Mai gyaran keke ya yanko zobe daga tsohon tub. Aka gwada da ragowar tsohuwar gahawa, ta fito da warin taya. Baduku ya yanko na fata. Zoben ya kumbura, ya ba gahawar ɗanɗanon bagaruwa. Da gindin ya fara tsattsafo aka kai ta wurin maƙeri. Ya ɗaga ta ga rana ya ƙirga haske tara, ya ce dalma ba ta kama sanholo, ya tambaya wa ya sa mata kanwa. Kalli ya ce ƙaddara ce. Ranar Laraba aka liƙe ramukan da ƙaro aka ɗora ta a wuta. Ta ce gur, sau ɗaya, ba ta kai ga na biyu ba. Sai tsss, ruwan ya bi ta ƙasa ya kashe garwashin.

Hamajoɗa ya cika alkawari. Ya zo ranar Alhamis da shaidu uku, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma. Madarar aya na nan da ɗuminta, kumfa ya hau yadda ake so. Kalli ya ce zai dafa gahawar a butar shayi. Hamajoɗa ya ce shi da waccan butar ya yi alkawari, ba da ta shayi ba, kuma alkawari ya bi mai shi. Aka nuna masa gawar. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Allah sarki. Ta ji Bafillace zai zo ya yanke hukunci, kunya ta kashe ta." Ya aika aka kawo ƙwaryar kindirmo, ya ce ga gaisuwarsa. Abin gaisuwa ba a mai da shi, shaidu kuma na kallo. Kalli ya kurɓa sau uku. Wannan ne ya sa bai fito karɓar gaisuwa ranar Juma'a ba, yana kuma neman afuwar waɗanda suka zo suka koma.

Marigayiyar ta rasu ta bar maburgi guda, da farin ƙyallen tata, da kofuna biyu, ɗaya mai ɓallin baki, da ƙunshin sabuwar gahawa da ba ta taɓa gani ba. Ta bar Huseina, wadda ita kaɗai ce banda Kalli ta san ɗanɗanon abin, wadda kuma in an tambaye ta sai ta dubi inda Ya Fanna take ta ce, "Ba laifi."

An sami masu neman gawar. Hamajoɗa ya roƙi hawan sama ya rataya wa saniyarsa a wuya, wai ko bayan ranta ta kusanci madarar gaskiya. An hana shi. Ya Fanna ta lura cewa ramukan gindin za su sha iska da kyau, ta ce a bar mata ta riƙa turaren wuta a ciki, kada a yi asara. Ita ba a iya hana ta ba. Hawan ƙasa zai bi ta Machina.

Za a binne hawan sama, da mazurarin, ranar Asabar bayan la'asar, a gindin tsamiyar bayan gida, nesa da burtalin shanu. Ba za a yi zaman makoki ba. Masu zuwa gaisuwa za su sami ruwan aya mai sanyi, domin an jiƙa da yawa. Ana roƙonsu kada su ce ai shayi ma ya isa, kada su tambayi wanda ya wanke ta. Wanda ya ga dama ya zo hannu sake. Kada dai a kawo nono.